Baba Illa da Kamun Nura na Biyu

Duk namijin da ya taɓa gaisawa da Baba Illa a Guangzhou ta ƙasar Sin ya san ba a yin gaisuwar tafi-da-gidanka da shi. Kana miƙa masa hannu zai damƙe, ya jawo ka har gemunsa ya kusa shafar haɓarka, sannan ya fara: "Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Ina kasuwa? Ina labarin gida?" Kai kana ta zuba "lafiya lau", kana jin daɗi tsoho ya damu da kai, ashe bawan Allah numfashinka yake shinshinawa. In ya gama sai ya sake ka, ya yanke hukunci. "Tafarnuwa. Wurin Lau Ma mai taliya ka karya." Ko kuma, "Sigari! Kai da ka rantse mini ka bari!"

Mu mata mun huta, daga nesa yake ɗaga mana hannu. Maza kuwa babu wanda ya tsira, yaro da babba. Akwai wani Alhaji daga Kantin Kwari, zuwansa na farko, shadda tana sheƙi, ya sauka a otal ɗin da ke kan titin Liuhua Lu. Baba ya jawo shi ya shinshina. Alhajin ya ja da baya ya ɓata rai.

"Malam, lafiya? Ko nan ma akwai kwastan?"

"Kwastan kaya suka dubawa, Alhaji," in ji Baba da Hausarsa ta Maraɗi. "Ni mai kayan nika dubawa. Wuce, turare ne kawai da yunwa."

Ku da kuka san shi ba sai na gabatar muku da shi ba, amma saboda sababbin zuwa bari in faɗa. Mutumin Maraɗi ne, kuma ya riga kusan kowannenmu zuwa garin nan. Sana'arsa ɗaure kaya da tura su gida, a wani ɗan shago da ke lungun bayan Liuhua Lu. Ni Rabi, mai saro abaya da kayan yara a kasuwar Shahe, a hannunsa na buɗe ido a ƙasar nan. Abokin marigayi mahaifinmu ne tun suna fataucin atamfa tsakanin Kano da Maraɗi, don haka ranar da na sauka ya ce mini "ɗiyata", kuma bai taɓa kirana da wani suna ba har ya koma ga Allah.

Tsimi kuwa, kai jama'a! Ba rowa ba, don abinci a shagonsa kowa ya zo ya ci. Ɓarna ce ba ya iya gani. Salatif ɗin da aka ɗaure kwali da shi, in kwalin ya tsufa, sai ya zauna ya ɓanɓare a hankali ya rataye a jikin ƙofa kamar masu shanya kilishi. Na taɓa aika kaya Kano, yarinyar shagona ta kira ni a rikice, wai kwalin ya iso da sunayen mutum uku a jiki, har da wani Elhadji na Niamey. Na je na same shi.

"Haba Baba! Salatif ɗin nawa yake?"

"Kayan sun isa?"

"Sun isa."

"Sun jiƙe?"

"A'a."

"To mi salatif ya yi miki?"

Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, da kowa ke hawa a garin nan, bai taɓa sa ƙafarsa ciki ba. Daga Liuhua Lu har unguwar Liwan a ƙasa yake takawa, da lemarsa a hammata. In ka yi masa tayi sai ya ce, "Ƙarƙashin ƙasa? Sau ɗaya za a sa ni can, kuma ba da tikiti ba." Sinancinsa duka-duka kalma uku ne: nihau, wato sannu, da lauban, wato maigida, da meyo, wato babu. Da su ya yi kasuwanci shekara da shekaru. A Shahe akwai wata mai sayar da rigunan ciki da safa, muna ce mata Madam Ja saboda rinin gashinta. In ta hango shi daga nesa sai ta dafe kai. Duk farashin da ta danna masa a kalkuleta, amsa ɗaya ce: "Meyo." Ta rage, "Meyo." Ta yi ihu ta nuna sama ta nuna ƙasa, "Meyo." Har ta gaji ta jefa masa safar, shi kuma ya tsaya yana duba ɗinkin.

Amma labarin da ya fi yawo shi ne na goro. Kun san al'adar masu masana'antu a nan: in ciniki ya faɗa sai a kai ku cin abinci, a zagaye teburi, a kawo wata farar giyarsu mai suna baiju a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Maigida ya miƙe, ya riƙe kofi da hannu biyu, ya ce "gambe", kowa ya shanye. In ka ƙi, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Wani lauban mai masana'antar takalma ya nace wa Baba, ya cika kofi ya tura masa, ya ce ta bakin tafinta wai a garinsu wanda bai sha da kai ba, ba abokinka ba ne. Baba ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon goro da ya yi wata da watanni a ƙulle, ya bushe ya yi ɗacin bala'i.

"Hwaɗa masa mu ma a garinmu, wanda bai ci wanga da kai ba, ba abokinka ba ne. Shi hwara."

Lauban ya yi ta maza ya gatsa. Wallahi waɗanda suke wurin sun ce idonsa har ruwa ya kawo, fuskarsa ta tattare, ya rasa inda zai tofar don kunyar baƙi. Baba ya fito da na biyu ya ajiye kusa da kofin. Lauban ya kalli goro, ya kalli kofi, ya ƙwala wa mai hidima kira a kawo shayi. Daga ranar duk teburin da Baba ya zauna, da shayi ake gambe.

To, ba kowa ke da goro a aljihu ba. Ƙanena Nura ba shi da shi.

Nura ni na kawo shi. Yaro ne mai kai, bai daɗe ba Sinanci ya zauna a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya zama tafinta, yana kai 'yan kasuwarmu masana'antu, ya yi lasin tuƙi na ƙasar, ya karɓi hayar mota. Kullum yana teburin masu gambe. Da farko kunya, daga baya don kada ciniki ya lalace, daga baya kuma ba sai an nace ba. Hancin Baba ne ya fara kama shi. Ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Wanga ba tafarnuwa ba ce."

"Maganin wanke baki ne, Baba."

"To bakin bai wanku ba."

Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da girman mahaifiyarmu. Ya rantse ya bari. Ba a jima ba, yana dawowa daga cin abincin rana a wata masana'anta, ya faɗa shingen 'yan sandan hanya. Suka ba shi na'ura ya hura, suka kai shi asibiti aka ɗebi jini. A ƙasar nan in giyar da ke jininka ta haura wani mizani, magana ta tashi daga tarar hanya ta koma laifin da ake kai mutum gaban alƙali. Ta Nura ta haura. Abin godiya ɗaya, bai buge kowa ba.

Muka ɗauki lauya, wata siririyar mata mai tabarau da ke jin Turanci. Baba ya raɗa mata suna Madam Aboka, don haka mutanen Nijar ke kiran lauya. Ta ce za a iya ba da belinsa kafin shari'a, amma 'yan sanda suna son ɗan ƙasa mai gida da sana'a ya tsaya masa. Ina za mu samu? Baba ya ɗauki lemarsa ya nufi wurin Lau Ma, Basinen Musulmin nan mai shagon taliya inda rabinmu ke karyawa. Abotarsu abin kallo ce: Baba na yin Hausa, Lau Ma na yin Sinanci, kuma har musu suke yi su shirya. Ban san me ya gaya masa ba. Na dai ga Lau Ma ya cire rigar girkinsa, ya gyara farar hularsa, ya bi mu ofishin 'yan sanda ya sa hannu.

Madam Aboka ta zaunar da Nura ta karanta masa sharuɗɗa. Fasfo yana hannun hukuma. Ba barin gari. Duk ranar da aka kira shi ya je. Kuma kada ya kuskura a sake kama shi da wani laifi. Ta ce tunda karon farko ne, bai ji wa kowa ciwo ba, ya kuma amsa laifinsa, akwai kyakkyawan zaton a yi masa sassauci, wataƙila ma ba zai kwana a gidan yari ba, kuma zamansa a ƙasar ya tsira. Lasin kam ya tafi. Amma sauran duka suna hannunsa, in ya kama kansa har a gama.

Baba ya ce shi zai kama masa kan. A ranar ya kwaso kayan Nura ya kai ɗakinsa. Da safe shinshina, da yamma shinshina. In babu aiki, Nura ya zauna ya ɓanɓari salatif. In za shi masana'anta, Baba na biye da shi, ya zauna a gefensa ya jera goro a kan teburi. Wata rana Nura ya zo wurina a Shahe ya zube a kan dilar kaya.

"Yaya, wallahi gara kurkukun da wannan tsohon."

Na ce, "Rufe mini baki! Bar faɗa."

Ranar da abin ya faru ni na raba su. Ƙafar Baba ta kumbura, ciwon suga ya taso masa, yana ta cewa iska ce. Na kira tasi na tura shi ciki da ƙyar, tun daga ƙofar shago har asibiti idonsa na kan mita yana salati. Ashe a ranar wani mai sayar wa Nura da kaya a Liwan yana shagalin cikar jaririnsa wata ɗaya, irin wanda suke yi da rana tsaka, a rina ƙwai ja a raba wa baƙi. Nura ya ce wa Baba zai miƙa kyauta kawai ya juyo. Uban jariri ya miƙe da kofi a hannu biyu, dangi duk sun zuba ido. Nura ya sha. Aka ƙara, ya sha.

Sai kuma ya yi abin da shi a ganinsa hankali ne. Ya ce ba zai taɓa mota ba, ai mota aka hana shi. Ya ari babur ɗin lantarki na shagon mutumin, irin manyan nan da suke kai kaya da su, ya hau. A tunaninsa, kamar yadda da yawanmu muke ɗauka har gobe, wannan ai keke ne da batir. Bai yi nisa ba aka tsayar da shi.

Muna asibiti waya ta shigo, an sa wa Baba ƙarin ruwa. Aka ce an sake kama Nura, na ce innalillahi. Na gaya wa Baba. Ya miƙe, ya sa hannu ya sauke jakar ruwan daga ƙarfen da aka rataye ta, ya ɗaga ta sama da kansa, ya nufi ƙofa yana ɗingishi. Nas ta biyo shi tana ihu. Ya waiwayo ya ce mata, "Meyo." Sai da likita ya zo aka riƙe shi aka cire allurar.

Washegari muka je wurin Madam Aboka, tana Turanci ina mayar wa Baba da Hausa. Ta cire tabarau ta goge, ta ce beli ya rushe. Nura zai zauna a gidan tsaro har ranar shari'a.

"Tambaye ta," in ji Baba, "ai ba mato ba ce."

Ta ce an kai babur ɗin an gwada nauyinsa da gudunsa, kuma ya wuce matsayin keke, a wurin doka daidai yake da abin hawa mai inji. Ga shi kuma ya hau ba lasin.

"Tambaye ta, sassaucin da tac ce hwa?"

Ta girgiza kai. Ta ce duk abin da ta shirya faɗa wa mai gabatar da ƙara a kan abu ɗaya ya tsaya, cewa wannan mutum ya yi kuskure sau ɗaya kuma ya yi nadama. Yanzu da wane baki za ta faɗa? Kamu na biyu ba ƙari ne kawai a kan na farko ba, ya koma baya ya ɓata na farkon. Alƙali zai haɗa su ya duba, kuma mu shirya jin ɗauri da tara, wataƙila har da kora daga ƙasar. Sannan za a kira Lau Ma ya yi bayani, don wanda ya tsaya wa mutum shi ke da alhakin sa masa ido, in aka ga ya san wani abu ya ɓoye shi ma hukunci zai hau kansa.

Da ta zo nan ne na ga Baba ya sunkuyar da kai.

Bayan sallar Juma'a mutanenmu suka taru a shagonsa, ni ina daga bakin ƙofa. Nan fa aka rabu biyu. Masu dabara suka ce a ce maganin tari ya sha, ko a nemo wanda ya san wani. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Jini nai anka ɗiba, ba labari nai ba. Ku tahi ku yi wa kwalba ƙarya in kuna iyawa."

Sai wani, ba zan faɗi suna ba, ya san kansa, ya gyara zama ya ce shi dai a ganinsa a ƙyale yaron ya ɗanɗana kuɗarsa, ya zubar mana da mutunci, Musulmi ɗan Musulmi da giya har sau biyu. Wasu suka ce ƙwarai. Baba ya miƙe da kumburarriyar ƙafarsa ya je gabansa ya miƙa hannu.

"Taho mu gaisa, Alhaji."

Mutumin ya ce ai sun gaisa a masallaci.

"A'a, taho dai. Ni ban taɓa hwaɗin abin da hancina ya ji ga kowa ba in ba mai shi ba. Amma yau ina jin bakina na ƙaiƙayi."

Kai! Ka ga mutane suna duba agogo. Wannan ya tuna yana da kwantena a tasha, wancan ya tuna baƙi na jiransa a otal. Waɗanda suka rage suka koma maganar yadda za a biya lauya. Tun daga ranar ban ƙara jin wani ya zagi ƙanena a gabana ba.

Lau Ma kuwa an kira shi, ya rufe shago ya wuni yana amsa tambayoyi. Allah ya taimaka aka gane bai san komai ba, aka ja masa kunne aka sallame shi. Baba bai iya ba da haƙuri da Sinanci ba, don haka ya yi da hannu. Kullum da hantsi sai ya je ya zauna a bayan shagon taliya ya ɗauki kwandon tafarnuwa yana ɓarewa. Lau Ma ya hana, ya ƙwace kwandon, Baba ya ɗauko wani. Matsalar ita ce Baba ba ya zubar da komai, ko ruɓaɓɓen ɗan tafarnuwa sai ya yanke wurin ruɓar ya mayar da sauran. A ƙarshe matar Lau Ma ce ta zo har Shahe ta same ni, ta haɗa hannuwa tana roƙo, wai sun yafe, sun yafe duniya da lahira, don Allah in zo in ɗauke shi.

A gidan tsaro ba a barin dangi su ga mutum kafin shari'a, lauya kaɗai ke shiga. Tufafi dai ana karɓa ta wata 'yar taga. Baba ya haɗa kayan Nura ya kai, aka turo masa su waje: wannan da zif, wannan da maɓallin ƙarfe, wannan da mazagi, duk ba a yarda ba. Ya dawo ya zauna da reza ya farke zif, ya cire maɓallai, ya zare mazagi. Ya ɗaga wandon ya duba, ya ce, "To yanzu da mi za shi tsaya?" Sanyi kuma ya fara shigowa.

Da safe ya ce in raka shi wurin Madam Ja. Tana hango shi ta dafe kai kamar kullum, ta jawo kalkuleta ta gyara tsayuwa. Ya nuna wanduna masu roba, ya nuna rigunan sanyi masu kauri marasa zif, ya nuna safa. Ta danna farashi, irin na farkon nan da ake faɗa don a yi dariya. Baba ya sa hannu a aljihu ya biya. Matar ta tsaya baki buɗe. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta leƙa fuskarsa tana tambayata ko ba shi da lafiya. Na gaya mata da guntun Sinancina cewa ɗansa ne a tsare. Sai ta cire rabin kuɗin ta tura masa, ta ƙara safa a leda. Shi kuma ya ƙi karɓa. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba a Shahe, mai saye na cewa meyo don a bar farashi a sama.

Duk Juma'a in an sauko, sai ya tafi can bakin gidan tsaron, ya zauna a bencin tashar bas da ke tsallaken titi, ya fuskanci katanga yana ba ta labarin kasuwa: wa ya zo, wa ya tafi, kwantenar wa aka riƙe. Na ce, "Baba, ai ba ya jin ka." Ya ce, "Da can ma da yana gabana ji yake?" Madam Aboka ta fito mana da saƙo wata rana, wai Nura na tambaya ko Baba yana fushi da shi.

"Ki ce masa ina hushi ƙwarai da gaske," in ji shi. "Ki ce masa kuma shi riƙa sa rigar sanyin tun da la'asar, ƙirji nai ba shi da ƙwari."

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajiyarmu a Kano. Na yi ta kewaye-kewaye, yau ya tafi masana'anta, gobe wayarsa ta lalace. Da ta gaji sai ta kira Baba, don ta san ba ya ƙarya. Ina zaune kusa da shi na ji ya ce:

"Hajiya, yaro na hannun hukuma. Ya yi laihi, ba sharri anka yi masa ba. Yana ci, yana sha, yana da tuhwahi. Laihin kuwa shi za shi hwaɗa miki da baki nai in ya zo, kuma ina roƙon arziki, ranar ki bari shi gama magana kahin ki hwara taki."

Ranar shari'a aka shigo da Nura ya rame, sanye da rigar Madam Ja. Bai iya ɗaga ido ya dube mu ba. Alƙali ya yanke masa ɗaurin wasu watanni da tara, ya ce in ya gama a fitar da shi daga ƙasar, kuma shekaru masu yawa ba zai sake shigowa ba. Da za a fita da shi ya juyo ya ce, "Baba, ka yafe mini." Baba ya ɗaga masa hannu ya ce da ƙarfi, har ɗan sanda ya harare shi, "Tahi ka gama, ɗana. Saura ƙiris." Daga gidan tsaro filin jirgi aka wuce da shi. Wannan ne ganinsu na ƙarshe.

Nura yana Kano yanzu, yana karɓar kayana a Kwari, kuma alhamdu lillahi tun daga can bai sake kusantar abin ba. Kusan kullum sai sun yi waya da Baba, yawanci faɗa, wai Nura yana yage kwalaye da wuƙa. Nura yakan ce da zarar wa'adin ya cika, jirgin farko zai hau ya zo ya durƙusa a gabansa. Baba yakan ce ya bar ɓarnar kuɗin jirgi.

Wa'adin bai cika ba ciwon ya kwantar da Baba, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ya bar wasiyya a binne shi a nan, kada a wahalar da kowa. Mutane suka zo daga ko'ina, wasu daga wasu garuruwan suka hawo jirgin ƙasa, har wani ɗansa ya samu biza ya taso daga Maraɗi. Mutum ɗaya ne a duniya da ko yana da kuɗin jirgi goma ba zai iya zuwa ba. Nura ya kira ni yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

"Yaya, da na farkon ne kawai, da yau ina cikin masu ɗaukarsa. Kofi nawa ne, Yaya? Kofi nawa ne?"

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, kuma ana shirin fita da gawa. Sai ga Lau Ma ya zo wucewa da farar hularsa, idonsa jajir. Na miƙa masa wayar. Nura bai taɓa samun ƙarfin halin yi masa magana ba tun ranar da ya jawo masa wuni a ofishin 'yan sanda. Suka yi Sinanci kaɗan, ban ji duka ba. Sai na ga Lau Ma ya sa wayar a aljihun ƙirjinsa ba tare da ya kashe ba, ya je ya kama makara.

Waɗanda suka je sun ce haka ya tsaya da ita a sahu aka yi salla. Da aka zo zuba ƙasa ya zuba tasa, ya sake sunkuyawa ya ɗebo ya zuba, ya faɗi sunan Nura yadda kowa zai ji.

Allah ya jiƙan Baba Illa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri a ƙasar da ba su da kowa, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ka haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna Firdausi. Shi kuma Nura, Allah ka ƙara shirya shi, ka ba shi tsawon rai ya zo ya tsaya a kan kabarin nan da ƙafarsa. Amin.